Teburin Dutsen Gavina

Akwai wata dattijuwa a garin Tempio na tsibirin Sardiniya a ƙasar Italiya, sunanta Gavina. A kicin ɗinta akwai teburin dutsen giranit da mijinta Efisio ya sassaƙa mata da hannunsa kafin aurensu. A kansa take murza ƙullin taliya tun tana amarya.

Wata safiya tukunyar ƙarfe ta suɓuce mata. Bakin teburin ya ɓalgace, wata siririyar tsaga ta ratsa har kusa da famfon da ke gefensa.

Ɗansu Bachisio ya duba, ya taɓe baki.

"Mama, dutsen nan ya ci zamaninsa. Ranar Asabar zan kawo ma'aikata su cire shi, a sa na zamani."

Gavina ta dubi mijinta. Tsufa ya sa masa rawar hannu, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu.

"Ba zan iya ba, Gavi," in ji shi a hankali.

"Bakin naka ma rawa yake? Kai ka faɗa, ni in yi."

Ta cika tsagar da gam. Washegari ya ɓare kamar ɓawon albasa. Bachisio ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Sannu da aiki, Injiniya Mama!"

Efisio ya sunkuya ya shinshina wurin.

"Man zaitun ne. Duk girkin da kika yi mana, dutsen nan ya sha rabonsa. Gam ba ya kama wurin mai."

"Au, laifina ne da na ciyar da kai, tsoho?"

Ya yi murmushi, ya gaya mata yadda za ta yi. Ta kwaɓa hodar soda ta shafe tsagar don ta tsotse man, ta rufe da leda. Ta kankare, ta sake shafawa. Kwana da kwanaki suna cin burodi da cuku, ba a girki.

Da man ya fita, ta durƙusa ta goga ƙarƙashin teburin, ta tara garin dutsen, ta gauraya shi da gam don launin ya zo ɗaya, ta cike tsagar da ɓalgacen da shi. Da ya daskare ta ɗauko reza. Efisio ya ɗora hannunsa a kan nata, suka daidaita wurin tare.

Ranar Asabar ma'aikata suka iso da guduma. Babbansu ya shafa teburin daga farko har ƙarshe.

"Ina tsagar take?"

Bachisio ya nuna nan, ya nuna can.

"A nan take fa... ko kuwa nan?"

Mutumin ya ajiye gudumarsa. "Ni dai ba na fasa lafiyayyen dutse."

Gavina ta gyara tsayuwa.

"Ba abin da za a cire a gidan nan. Bachisio, wanke hannunka ka zo ka murza ƙulli. Baƙinka za su ci abinci."

Darasi: Kada ka yi saurin zubar da abin da aka yi da ƙauna don ya ɗan tsage. Ka nemo dalilin, ka yi haƙuri, ka gyara. Ku tura wa wanda yake shirin yar da abin da bai mutu ba.