Ƙurun Noeleen da Tsohuwar Goɗiya

Akwai wata mata mai suna Noeleen a wani ƙaramin gari can cikin jihar New South Wales. Bayan rasuwar mijinta aka sayar da gonarsu, tumaki da injuna duk suka tafi. Ita kuma ta koma wani ɗan gida a cikin gari, ko wurin shanya da kyar yake da shi. 'Yarta tana can nesa a birnin Perth da jikoki, sai dai a waya.

Abu ɗaya ta ƙi sayarwa, wani ƙuru, irin gajerun dawakan nan, mai suna Nugget. Uwarsa ta mutu wurin haihuwarsa, da kwalba Noeleen ta shayar da shi a bakin kicin. Bai taɓa zama cikin dawakai ba, mutane kawai ya sani.

Sai ta kai shi wurin Desley, wadda ke ajiye wa mutane dawakansu a bayan gari. A duk yankin babu wani wurin sai nata.

Tsarin Desley shi ne, baƙon doki sai ya fara zama da shinge tsakaninsa da sauran, su shinshina juna, sannan a buɗe masa ya shiga garke. Ranar da aka buɗe wa Nugget, kai tsaye ya nufi Duchess, tsohuwar goɗiyar da duk garken ke tsoro, ya kama wutsiyarta ya ja. Ta juya ta kai masa harbi.

Noeleen ba ta san lokacin da ta haura shinge ba. Ta riƙo ragamarsa ta fito da shi.

"Kashe min shi za ta yi," in ji ta.

Desley ta yi dariya. "Duchess? Wannan da haƙoranta ma ba su cika ba? Gaisawa suke yi, baiwar Allah."

"In haka ake gaisawa a nan, mun gode."

Ta dage sai da aka ba shi wani keɓaɓɓen wuri a bayan rumfar ciyawa, inda ba ya ganin doki ko ɗaya. Safe da yamma tana zuwa da karas a aljihu, ta taje masa geza, ta yi ta ba shi labarin jikokinta. In za ta tafi, haniniyarsa na bin ta har motarta ta sha kwana. A ranta tana cewa, ni yake kewa. Ta koma gida ta ci abinci a tsaye, rediyo na magana shi kaɗai.

Nugget kuwa ya koyi zare sakata da leɓe. An ɗaure da igiya, ya kwance. Ya tauna hular wata mata, ya yaga buhun abincin dawakan mutane.

Shekarar fari ce, ruwan sama ya ƙi sauka. Wata rana da tsakar rana Desley ta shiga gari, Nugget ya fito ya tarar da famfon babban tankin ruwan sama. Ya yi ta wasa da shi har ya murɗe. Kafin ta dawo, ruwan da ake tattali ya bi ƙasa, shi kuma yana birgima cikin taɓo.

Wannan karon Desley ba ta yi dariya ba.

"Noeleen, ko ya shiga garke ko ki ɗauke shi. Ɗan naki bai san shi doki ba ne, ni kuma ba zan iya koya masa ba. Ke ma ba za ki iya ba."

Noeleen ta san in ya bar nan, kasuwa ce. Ta kuma san inda ƙuru mai ɓarna yake ƙarewa in ya shiga kasuwa: mayanka.

"To in Duchess ta ji masa ciwo fa?"

"Za ta ji masa. Kaɗan. Ke dai ki zuba hannuwanki a aljihu."

Washegari aka buɗe masa. Bai yi hankali ba, ya sake nufar wutsiyar. Duchess ta kwantar da kunnuwa ta kore shi har ƙarshen fili, ta gantsara masa cizo a wuya. Ya sheƙo da gudu wurin Noeleen, ya tura kansa ta saman shinge yana huci, ga ɗan jini a gashinsa.

Hannunta ya fito daga aljihu. Ta dube shi, ta mayar da hannun, ta ja da baya.

Ya daɗe yana kallonta. Can sai ya juya, ya sunkuyar da kai yana motsa baki kamar mai tauna, alamar ya miƙa wuya, ya taka a hankali zuwa wurin goɗiyar. Duchess ta dube shi, ta ci gaba da kiwonta.

Daga ranar sakata ba ta ƙara zaruwa ba.

Bayan kwanaki Noeleen ta zo da yamma, ta hango shi can ƙarƙashin itace, shi da Duchess kai da wutsiya suna kore wa juna ƙuda. Ta kira sunansa. Ya ɗago kai, ya dube ta, ya ci gaba da abinsa.

Desley ta matso. "An yi miki ƙwace, ko?"

"Ko tahowa bai yi ba."

"Zai zo, in ya ga dama. Ai ba shi da wurin zuwa, nan ne gidansa yanzu."

Noeleen ta share ido da bayan hannu, ta tsaya tana kallonsu har rana ta yi sanyi. Da ta tayar da mota, babu haniniyar da ta biyo ta. Ta tuƙa har gida cikin shirun nan, tana kuka, tana kuma godiya.

Darasi: Iyaye mata 'yan'uwana, wani lokacin ɗan da muke ɓoyewa don kada duniya ta taɓa shi, kaɗaicinmu muke ɗaure shi da shi. Mu bar su su shiga cikin 'yan'uwansu, a ture su, su koyi zama da mutane, ko da hakan zai bar mu mu kaɗai a bakin shinge. Ku tura wannan labari ga wata uwa da kuka san tana riƙe da nata da hannu biyu.