Jan Zaren da Ikilima Ta Ɗaura

Assalamu alaikum 'yan'uwa mabiya wannan shafi. Kwana uku ke nan ina ɗauke da wata damuwa, ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Zan faɗa muku ita a ƙarshe. Ku fara jin wannan labarin tukuna, don shi ya ƙara hana ni sukuni.

Akwai wata mata mai suna Dela a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kazaure zuwa Roni. Tana da 'ya, Ikilima, shekararta goma sha ɗaya, ƙafafunta sun shanye tun tana goye. Da rarrafe take zagaya tsakar gida. Firamaren garin ba ta da nisa, har ƙararrawa suna ji, amma Ikilima ba ta taɓa shiga aji ba. Aikinta saƙa hulunan jarirai da zaren ulu, kuma hannunta ya faɗa.

Bara aka ce gwamnatin jiha ta aiko wa ƙananan hukumomi kekunan guragu a raba wa yara. Ma'aikacin walwalar yankin shi kaɗai ne, ƙauyuka kuwa sun fi talatin, sai ya damƙa rabon garin su Dela a hannun Maikasuwa, shugaban kwamitin gari. Maikasuwa ya rubuta sunan Ikilima, ya karɓi hotonta. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, keke shiru.

Ran nan da hantsi sai ga shi da sabon keke ɗaure a bayan babur.

"Dela, fito ki ga arziki. Amma ki buɗe kunnenki da kyau. Yau mutanen Dutse za su zo dubawa. In sun tambaye ki yaushe aka kawo, ki ce tun watan azumi."

"Alhaji, ai yanzu nake ganinsa."

"Ke dai faɗi abin da na ce. Ba ki san mutanen nan ba. Suka ji ƙorafi, su soke sunan garin gaba ɗaya, a ce ke kika jawo. Kuma yaron da suka ga ba a kula da shi, ɗauke shi suke yi zuwa wani gida can nesa. Sai ki shekara ba ki sa 'yarki a ido ba."

Dela ta amsa da to. Ita kuwa Ikilima, ana ɗora ta a kan keken sai dariya. Ta tsinko jan zare daga saƙarta, ta ɗaure a hannun keken na dama, ƙulli uku.

Kafin azahar farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta yi sallama ta shigo, ta ce sunanta Nafisat, daga jiha aka turo ta ta tabbatar kayan sun isa hannun masu su. Dela ta shimfiɗa mata tabarma, amma ko kallon fuskarta ba ta yi ba.

"Maman Ikilima, yaushe aka kawo keken?"

"Tun azumi, Hajiya."

"Babu wata matsala?"

"Babu. Sai godiyar Allah."

Hajiya Nafisat ta dubi tayoyin keken. Ta dubi gwiwoyin yarinyar da tafin hannunta, duk sun yi kanta, ga sabuwar ƙasa a jiki. Ta yaba jan zaren, ta ɗauki hoto da waya, ta tafi. Dela ta ce a ranta, wannan kallon na mai neman dalilin ɗauke yaro ne.

Motar ba ta gama juyawa ba Maikasuwa ya faɗo gidan da sauri.

"Sauke ta, sauke ta. Birkin bai ɗauru ba, zan kai a gyara, gobe a dawo da shi."

Ya ɗaure keken a babur, ya bi ta lungun bayan masallaci. Ikilima ta ce, "Inna, kar ki damu, na sa masa alama. Ba za a musanya min ba."

Gobe ta zo ta wuce. Sati ya cika. Kullum yarinyar nan sai ta rarrafa bakin zaure ta zauna, duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa.

A kwana na tara Dela na tankaɗe ta ji tsayuwar mota. Ta leƙa ta saman katanga, ta ga Hajiya Nafisat ce, ita kaɗai, babu Maikasuwa. Ta sunkuci Ikilima ta kai ta ƙuryar ɗaki bayan buhunan gero.

"Ko tari kika yi, sun tafi da ke."

Hajiya ta zauna, ta nemi ruwa ta sha.

"Ina ƙawata mai saƙa?"

"Ta tafi Gwiwa wajen kakarta."

"Da keken?"

"Da shi."

Tsakar gidan a share take, ga sawun rarrafe daga bakin zaure ya zo ya tsaya a inda Dela ta ɗauki Ikilima. Hajiya ta gani. Sai ta ciro waya.

"Zo ki taya ni duba wani abu, idona ba ya gani sosai. Ranar nan gida biyar na shiga a garin nan. Naku ne na farko."

Dela ta matso a ɗarare. Hoto na farko Ikilima ce tana dariya. Na biyu wani yaro ne a unguwar maƙera. Na uku 'yar gidan mai nama. Duk a kan keke, kuma a hannun kowane keke na dama ga jan zare, ƙulli uku.

"Keke biyar muka aiko garin nan," in ji Hajiya. "Ni kuma keke ɗaya mai jan zare na gani sau biyar, yana riga ni shiga gida. Amma iyaye biyar sun ce min sun karɓa tun azumi. In ba wanda ya faɗa da bakinsa, abin da zan rubuta shi ne an raba. Daga nan an rufe maganar, kuma sunan 'yarki ya fita daga masu jira."

Dela ta ƙura wa wayar ido. Wa za ta yarda da shi? Mutumin da suka tashi gari ɗaya, ko baƙuwa mai motar gwamnati?

Sai murya ta fito daga ɗaki: "Inna, jan zare ta ce? Nawa ne. An gyara?"

Ikilima ta rarrafo, garin gero duk a kanta. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon yaron maƙera a kan kekenta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shi ma an ce masa birki ne?"

Nan Dela ta zube. Ta riƙe 'yarta da hannu biyu.

"Hajiya, don girman Allah kar ku ɗauke min ita. Ƙarya na yi. Wuni ɗaya ma bai yi a gidan nan ba."

"Wa ya ce miki muna ɗaukar yara? Ni da nawa huɗun ma ban gama da su ba. Keke na zo nema, ba yarinya ba."

Da Dela ta yi magana, sauran iyayen ma suka buɗe baki. Aka samu keke huɗu a ɗakin ajiyar Maikasuwa, ko ledarsu ba a cire ba, yana jiran mai saye. Aka sauke shi daga kwamiti a gaban dagaci. Daga nan jiha ta sauya tsari: kowane keke a buga masa lamba, a miƙa hannu da hannu a gaban iyaye. Ma'aikacin walwalar nan kuma aka ƙara masa mutum biyu da babur, yana zagayawa da kansa.

Ranar rabo aka ce Ikilima ta zaɓi sabo cikin leda. Ta ƙi. Ta nuna mai jan zare. A kansa take zuwa aji yanzu.

Darasi: Duk wanda ya ce ka yi wa mai dubawa ƙarya don a rufa wa gari asiri, nasa asirin yake rufewa. "Babu matsala" da muke faɗa wa baƙo don kunya ko tsoro, ita ce ke rufe ƙofar haƙƙin 'ya'yanmu. Ku tura wa iyaye mata wannan labari, musamman na karkara.

To ga damuwata. Ɗana Musaddiƙ ba ya ji sosai, an rubuta sunansa cikin waɗanda za a ba na'urar kunne, yau wata bakwai. Ran Juma'a wanda ya rubuta sunan ya zo ya ce masu dubawa na nan tafe ran Laraba, in ce mun karɓa. Mutumin nan ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma maigidan ya ce in yi shiru. 'Yan'uwa, Laraba jibi ce. Me zan ce wa matar in ta zauna a tabarmata?