Wuƙar Jatau da Ta Ƙi Rufewa

Dalilin da ya sa mahautan Rafin Kanya ke saka wuƙa mai naɗewa cikin kube, alhali don aljihu aka yi ta, ku matso yara ku ji.

A da maƙera biyu ne a garin. Jatau yakan sa wa wuƙarsa ɗan ƙarfe a baya, sai an danna take rufewa. Ɗanladi kuwa zobe yake sa wa tasa a wuya, a murɗa ya riƙe ta.

Wata rana Sarkin Fawa yana fiɗar rago, wuƙar Jatau ta rufe masa a yatsa. Ya tara mutane ya ce, "Ranar kasuwa kowa ya kawo tasa. Wanda wuƙarsa ba ta rufe ba, shi ne maƙerin mahauta."

Hankalin Jatau ya tashi, don da mahauta yake ci da gidansa. Kwana uku yana maƙera, yana ƙara wa ƙarfen nan kauri.

Ranar kasuwa aka riƙa buga bayan wuƙaƙen a kututture. Zoben Ɗanladi ya jure bugu tara, a na goma ya saki. Ta Jatau aka buga har mai bugun ya gaji, ko gezau. Sarkin Fawa ya ɗaga ta sama ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin wuƙa kamar wannan ba!"

Sannan ya danna zai rufe, ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ta ƙi. Ya sunkuyo ya raɗa wa Jatau, "Malam, yaya ake rufe ta?"

Jatau shi kansa bai gwada ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai cewa ka yi kada ta rufe."

Sarkin Fawa ya dubi jama'a. Ya riga ya rantse a gabansu. Sai ya yi murmushi ya zura ta aljihu a buɗe, ta keta rigar ta faɗo kusa da ƙafarsa. Washegari ya sa baduku ya ɗinka mata kube. Mahauta suka ga na Sarki, kowa ya ce irinsa yake so.

Shi ya sa har yau maƙeran Rafin Kanya ke wahalar yi wa wuƙa gaɓar naɗewa, su ɗaure ta tamau, dukawa kuma na yi musu addu'ar tsawon rai.