Fitilun Aro na Sarkin Tasha

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da motocin haya ba su cika hanya ba, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu Mai Waya. Sana'arsa gyaran wutar mota. Yana da 'yar rumfa ta langa-langa a cikin tasha, da akwatin katako ɗaya na kayan aiki. Da rumfar nan yake ci da matarsa Hansatu da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa. Ba malami ba ne, ku saurara da kyau, karatunsa bai wuce na salla ba. Amma akwai fara'a. Kullum ka zo, kansa na cikin but ɗin mota, ƙafafu a waje, yana 'yar waƙarsa.

Motoci tara ke lodi a tashar, duk ƙirarsu ɗaya. Shekara ta zagayo, lokacin kai su wurin masu duba lafiyar mota ya yi, sai aka ga cikin taran nan babu mai fitilun baya na kirki. Wata ta hagu ta mutu, wata ta dama, wata an liƙe ta da jar leda. Direbobin da ke cikinmu, na ga kuna sunkuyar da kai. Ba da ku nake ba, mutanen da ne!

Sarkin tashar, Alhaji Maiwada, mutum ne mai dabara, dabarar har ta yi masa yawa. Ya sayo sababbin fitilu biyu fil a kwali, ya kira Tanimu.

Ya ce, "Alhamis ce ranar duba. Za ka ɗaura wa motar farko, ta je ofis a ba ta takarda, ta dawo, ka kwance ka ɗaura wa ta biyu. Haka har tara."

Tanimu ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga Alhaji bai dara ba sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaurawa zan ɗaura, da gudu ma. Kwancewar ce ba zan iya ba. Mutane motar nan za ta ɗauka. In direba ya taka birki a hanya, na bayansa da me zai sani?"

"Au, kai za ka koya mini mota? Ina tuƙi tun kana goye! Ko ka yi, ko ranar Alhamis ka kwashe komatsanka, na ba wani rumfar."

Tanimu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, amma ba zan kwance ba."

Kada ku zaci bai ji tsoro ba. Wallahi ya ji. Da ya koma gida ko tuwo ya kasa ci. Ya kwashe duka ya faɗa wa Hansatu. Ta dubi yaran, sannan ta ce, "Malam, saura kwana nawa?"

Ya ce, "Uku."

Ta ce, "To, kwana ukun nan ai har yanzu rumfarka ce. Ci abincinka, gobe ka je ka yi aikinka."

Allah ya ba mu irin Hansatu! Ku ce amin. Kai na kusa da ƙofa, naka amin ɗin ya fi na kowa ƙarfi.

Da gari ya waye ya ɗauki filaya da sukundireba ya bi motocin da ke jiran layi. Ya fara da wani direba, Ɗan'azumi.

Ɗan'azumi ya ce, "Malam Tanimu, ni fa ko sisi ba ni da shi."

"Wa ya tambaye ka? Shiga ka taka mini birki."

Ya buɗe, ashe tsatsa ce kawai ta ci bakin waya. Ya kankare, ya ɗaure, wuta ta kama. Ta biyu ƙwan fitila ne ya ƙone. Ta uku ɓera ne ya ci wayar. Masu fasasshen murfi kuwa, ya taka har wurin 'yan gwangwan ya tono masu jajayen murafu daga matattun motoci. Mutumin da aka kora, jama'a, mutumin da aka kora! Yana yi yana waƙarsa. Kafin la'asar ɗin Laraba ya gama takwas.

Ta tara ta Alhaji ce da kansa. Tanimu na dosar ta Alhaji ya daka masa tsawa: "Kada ka taɓa mini mota!" Shi a zatonsa kame-kame kawai Tanimu ke yi don a tausaya masa. Direbobi kuma tsoro bai bar su sun gaya masa komai ba.

Alhamis da hantsi, Tanimu ya ɗaure akwatinsa da igiya. Alhaji ya rungumo kwali zai ɗaura wa motar farko da hannunsa. Sai ga masu duba mota sun shigo tasha, su uku. Babbansu ya ce, "Bana ba ku za ku zo mana ba, mu muka zo. A jera su duka, kowane direba ya shiga tasa."

Alhaji ya yi wuf ya cusa kwali ƙarƙashin babbar riga. Gumi ya karyo masa. Fitila biyu, mota tara, a lokaci guda! Ina dabara?

Jami'in ya koma baya ya ce, "A taka birki!"

Jama'a, sai ja, ja, ja, tun daga wannan gefe har wancan, takwas reras. Alhaji ya saki baki. Guda ɗaya ce a ƙarshe ta yi ɗif.

"Wannan ta wa ce?"

Can Alhaji ya ce da 'yar murya, "Tawa ce."

"In na gama rubuta takardun takwas ɗin nan ba ta kama ba, ta bar hanya."

Ni kam, da ni ne, Allah ya yafe mini, da na gyara zama na sha kallo. Tanimu kuwa tuni ya kwance igiyar akwati. Babu wanda ya roƙe shi. Ya leƙa, ya ga na Alhaji sun ruɓe gaba ɗaya, ba su gyaruwa. Ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, miƙo na cikin rigar."

Alhaji ya zaro kwali a gaban kowa. Tasha ta fashe da dariya, har shi kansa ya kasa riƙe tasa. Tanimu ya ɗaura, ya haɗa waya, ya ce, "Shiga ka taka."

Alhaji ya taka, ya leƙo ta taga: "Ta kama?"

Direbobi da fasinjoji da mai ƙosai suka amsa baki ɗaya: "Ta kama!"

Aka ba shi takardarsa. Tanimu ya mayar da kayansa, ya sunkuya zai ɗauki akwati, don wa'adi ya cika. Sai Alhaji ya zo ya zauna daram a kan akwatin.

Ya ce, "Ina za ka? In za ka tafi, sai dai ka ɗauka da ni. Na zalunce ka, Tanimu, ka yafe mini."

Tanimu ya ce, "Na yafe. Amma ka tashi, ranka ya daɗe, katakon ya tsufa."

A rumfar nan ya tsufa, a nan ya aurar da 'ya'yansa duka biyar.

To, ku saurara. Direba bai taɓa ganin fitilar bayansa tana ci ba, ba dominsa aka yi ta ba, don na bayansa ne. Tanimu ya yarda ya rasa abincinsa a kan ran mutanen da bai sani ba, kuma ya kyautata wa wanda ya kore shi. Allah bai tozarta shi ba. Kai magini, kai tela, ke mai abincin sayarwa, kowa yana da aikin da mai saye ba ya gani. Ku gyara shi don Allah, ba don mai zuwa duba ba. Masu mota kuma, kafin ku tayar yau, ku roƙi wani ya tsaya maku a baya ku taka birki. Allah ya kai kowa gida lafiya.