Irin da Marka Ta Ɓoye

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya ana kiransa Mujitaba, wanda ya gaji gadon sarauta, ya kuma gaji wani tsohon waziri mai suna Ɗayyabu, mutumin da shekaru suka ranƙwafar har magana ma ba ya yinta sai ta zama dole.

A zamanin mahaifin sarkin aka sauko da mutanen kan duwatsu aka zuba su a unguwannin birni, aka haramta musu noman kome sai farar dawa, wai don ƙasa ta zama abu guda, wanda ya saɓa kuwa hukuncinsa kora. Irin da suke shukawa can sama, su acca da iburu da tamba da wasu da mutanen birni ba su san ko sunansu ba, aka karɓe aka ɗura a tuluna arba'in, aka liƙe da yumɓu aka kai taskar fada. Ɗayyabu ne ya ba da wannan shawara yana matashi mai ji da kansa, ya kuwa sha yabo.

Bayan shekara talatin cutar domana ta faɗa wa dawa damina biyu a jere. Sarki ya sa aka fasa tulunan aka shuka, aka yi ruwa, aka zuba ido, ko tsiro ɗaya bai leƙo ba. Sai ya ce, "Ya Waziri, ka bayyana mini dalilin da irin da ya ciyar da al'umma ya ƙi tsira a gonar sarki, ka kuma samo mini mai tsira kafin ruwan shuka ya wuce. Na ba ka kwana bakwai."

Waziri ya bar littattafansa, don ya san babu amsar a ciki, ya shiga unguwanni yana jan ƙafa, yana tambaya ana kau da kai. A rana ta shida ya hangi acca ta yi kore shar bayan zanar wata tsohuwa mai suna Marka.

Ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, na shaida ka. Kai ka karɓi ƙwaryar uwata da hannunka." Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ta ce, "Iri ba ya zama a tulu shekara talatin, mutuwa yake. Mu a wurinmu uwa ke damƙa wa 'yarta ranar aure, ta nuna mata wanda ake watsawa cikin tsakuwa da wanda ke son gindin dutse inda raɓa ke daɗewa. Iri uku na tsira da su, ina shukawa kowace damina gabana yana faɗuwa."

Waziri ya ce, "Iya, in na ambace ki doka za ta hau kanki, in na yi shiru yunwa za ta cinye gari."

Ta ce, "Kai ni gaban sarki kawai. Na gaji da ɓoyo."

Kashegari ya tafi da ita fada, ya durƙusa gaban sarki da ƙyar, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, irin bai ƙi gonarka ba, mutuwa ya yi ranar da muka raba shi da masu saninsa. Mai laifin farko ni ne. Wannan baiwar Allah ta karya dokata, abin da ta ɓoye kuwa shi kaɗai ya rage mana. In za a kori wani, a fara da ni."

Sarki ya juya ya tambayi Marka ko akwai wanda ya san yadda ake noman sauran irin.

Ta ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Suna maƙabartar bayan ganuwa."

Nan take sarki ya soke dokar, ya mayar wa mutanen dutse gonakinsu, ya ɗora Marka a kan al'amarin iri. Ya yafa wa waziri alkyabba saboda gaskiyar da ya faɗa a kan kansa, shi kuwa ya roƙi a sallame shi ya huta, aka sallame shi. Cikin waɗanda aka sauko da su, waɗanda suka iya komawa kan dutsen a wannan damina ba su kai ashirin ba.

Masu hankali suka ce, adalcin sarki shi ne ya bar wa kowace al'umma abin da ta iya rayawa, domin abin da zalunci ya kashe, adalci na iya yi masa ta'aziyya, amma ba ya tayar da shi.