Bushiya da Uwar Kwaɓi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

"Baba Gizo, wai me ke sa gurasa ta kumbura?"

Ɗan Kwaɗo ne ya yi tambayar a gidan Gizo, maƙwabciyarsa Bushiya kuwa ta jiyo ta bayan zana tana sharar tsakar gida. Amarya ce, watanta uku da tarewa, ga kunya: ko sallama aka yi mata da ƙarfi sai ta dunƙule. Amma ba abin da ke wuce idonta. Da hantsi ta ga Kurege da Zomo da Kwaɗo sun rako 'ya'yansu, kowane yaro da ƙwaryar garin alkama a ka, don Gizo ya yi shela zai koya wa yara gashin gurasa. Alkamar nan kuwa ita ce ta ƙarshe a rumbunan iyayen. Shi Gizo ko gyaɗa bai taɓa gasawa ba. Ci kawai yake so.

"Iska mana!" in ji Gizo. "Kai da ubanka da me kuke kumbura? Ɗauko kara, hura!"

Ɗan Kwaɗo ya soka kara cikin kwaɓi, ya hura, ya hura, har idanunsa suka firfito. Shi ya kumbura, kwaɓi na nan kwance.

Gizo ya ce, "Af, na gane shi. Mai son girma ne, kirari yake jira."

Ɗan Zomo ya kifa ƙwarya ya hau kiɗa: "Fari ɗan alkama, tashi mu gan ka!" Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Kwaɓi ko gezau.

"To, taurin kai ne. Muciya!"

Tim! Tim! Tim! Kwaɓi ya baje ya zama kamar faifai. Sai 'yar Kurege ta fashe da kuka: "Inna ta ce in na ɓata garin nan, mu da gurasa sai baɗi!"

Gizo ya sosa ƙeya. "Ku jira, zan je in yi nazari." Ya tafi gindin tsamiya ya miƙe ƙafa, sai minshari.

Bushiya ta san amsar, tana cikin wata 'yar tukunya a ɗakinta. Curin tsohon kwaɓi ne mai tsami, wanda ake kira uwar kwaɓi. Innarta ta ba ta ranar da za a kawo ta, ita ma daga tata innar ta karɓa. Shi ake damawa cikin sabon gari ya tashi, kuma kafin a gasa sai a gutsura a mayar tukunya don gobe. Ga shi kwanan nan ba ta da gari, curin ya ƙanƙance bai fi ƙwan zabuwa ba, ba ya rabuwa biyu. In ta bayar aka gasa duka, abin kakanninta ya mutu a hannunta.

Ta ɗauka, ta ajiye. Ta ɗauka, ta ajiye. Kukan yarinya ya ƙaru. Ta ɗauka, ta nufi kafar zana.

"Ke, 'yar nan," ta ce cikin raɗa. "Ungo. Ki dama da ruwan ɗumi, ki zuba cikin kwaɓin, ku murza har ya daina kama hannu. Ku rufe da faifai, ku sa a rana. Kada wanda ya buɗe sai inuwar tsamiya ta taɓa zana. Kuma kafin ku gasa..."

Gizo ya yi tari cikin barci. Bushiya ta firgita ta dunƙule, maganar ta maƙale. Kafin ta warware, yarinya ta ruga.

Kai, yara, zo ku ga murza! Hannu shida cikin akushi, wannan ya danna, wannan ya naɗe. Suka rufe, suka zauna suna gadi. Ɗan Zomo ya kai hannu zai leƙa, 'yar Kurege ta make shi. Ya sake, ta make shi. Na uku bai ma kai ba, sai ga faifai yana ɗagawa da kansa!

"Ya tashi! Ya tashi! Baba Gizo, ya tashi!"

Gizo ya zabura ya rugo. Ya ga kwaɓi ya yi tozo, ya daki ƙirji. "Ban gaya muku ba? Dukan ne ya ratsa shi. A hura tanderu!"

Wuta ta ci ta faɗa, sai garwashi jajur. 'Yar Kurege ta jiƙa hannu ta manna curi na farko a jikin tanderu, kamar yadda take ganin mata na yi. Ƙamshi ya tashi. Yara sai tsalle, Gizo sai haɗiyar yawu.

"Maza!" in ji Gizo. "A gasa duka, duka! A kankare akushi, kada a bar ko ƙwaya!"

Bushiya na leƙe ta kafa, tana ƙirga curi. Saura uku. Saura biyu. Gizo ya wawuro na ƙarshe da kansa, ya zura kai da hannu bakin tanderu.

"A RAGE UWA! A RAGE TA GOBE!"

Bushiya ita kanta ba ta san tana da wannan murya ba. Gizo ya ɗauka tanderu ne ya yi magana. Ya saki curin, ya ƙwala ihu, ya haye kan tsamiya gemu a babbake. Ɗan Kwaɗo ya cafe curin kafin ya taɓa ƙasa.

'Yar Kurege ta dubi zana, ta dubi curin, ta gane. Ta raba shi huɗu: kowa ya ɗauki ɗaya, na huɗun ta tura ta kafar zana tare da gurasa mai zafi. Suka ɗauki sauran gurasar a ka suka nufi gida da gudu. Gizo da ya sauko bai tarar da komai ba, na yau ko na gobe.

Kashegari hayaƙi ya tashi a gida uku, yara ne ke koya wa iyayensu. Gizo kuwa yana bin dandali yana rantsuwa aljanin tanderu ya yi masa magana baki da baki. Mata suka tsaya a bakin rijiya suna ta mamaki, ɗaya ta ce, "Amarya, ke da kike maƙwabtaka, ba ki ji komai ba?" Bushiya ta sunkuyar da kai, ta ɗauki tulunta tana murmushi. A ranta ta ce aljani ya riƙe sunan, ita ba za ta gaya wa kowa ba.

To, jikokina, abin da kuka iya ku koya wa na ƙasa da ku, ko ba wanda zai yabe ku. In magana ta zama dole, kada kunya ta rufe muku baki. Kuma komai daɗin abu, a rage na gobe.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan.