Mutumin da Ya Binne Bakin Kwalbati

Akwai wani mutum, direban gireda, wato babbar motar nan mai dogon wuya da take kankare hanyar burji. Kowace bazara, in zafi ya kai zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai a aike shi ƙauyuka ya gyara hanyoyi kafin ruwa ya sauka. Hannunsa yana da kyau, wannan ba mai musu. In ya bi hanya ya wuce, mace takan ɗauki tulu cike ta yi tafiya a kai, ko ɗigo ba zai zuba ba. Shi ma ya san haka, har ya fi kowa sani.

To, aikin nan kashi biyu ne. Akwai fuskar hanya, wadda kowa yake gani yana yabo. Akwai kuma lambatu, ramin da yake bin gefen hanya yana kwashe ruwa, da kwalbati, wato babban bututun siminti da aka binne a ƙarƙashin hanya domin ruwa ya ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan. Lambatu, gireda tana iya yashe shi in an karkata ƙarfenta. Amma bakin kwalbati ƙarfe ba ya shiga. Dole mutum ya kashe inji, ya sauko, ya tuɓe riga, ya shiga da shebur, ya fid da yashi da ƙaya da tsummoki da mushen duk abin da ya shiga ya mutu a ciki tun bara. Ban taɓa jin an tafa wa kowa saboda wannan aiki ba.

Wata shekara aka tura shi hanyar garin surukansa. Hanya ɗaya ce tak take shiga garin, ta ratsa wata fadama a bisa tudun ƙasa da aka tara, kwalbati yana ƙarƙashi. Matarsa Rifkatu kuwa tana can gidan iyayenta, ta je goyon ciki, gama haihuwar fari ce. Ta wannan hanya za a komo masa da ita da abin da ta haifa, in ta gama wankan jego, a tsakiyar damina.

Sa'ad da ya iso fadama, sai ya tarar gari ya fito kallo. Dattawa suna zaune a gindin ɗorawa, surukinsa a tsakiyarsu. Mata sun tsaya nesa kaɗan suna nuna shi da baki, suna cewa ai mijin 'yar gidan wane ne. Shi kuwa ya sa sabuwar riga a ranar, domin garin surukai zai shiga. Ya duba ƙasa daga kan kujerarsa, ya ga bakin kwalbati ya toshe har wuya, ƙudaje suna tashi a kai, wari yana bugowa.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Amma ku kun san kunyar surukai. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gabansu sai ya juya baya, yaya zai tuɓe riga ya shiga rami da rarrafe, ya fito yana jan mushen kare? Sai ya saukar da ƙarfen gireda, ya tattaro jar ƙasar da ya kankare, ya ture ta a kan bakin kwalbatin. Ya yi gaba, ya yi baya, ya danne ta, ya lallaɓe wurin har ya yi sumul, kamar ba a taɓa yin rami a nan ba. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Da ya sauko gaisuwa, ya cire takalmi ya durƙusa. Surukinsa ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ka dai bar wa ruwa ƙofarsa?"

Ya ce, "An gyara, Baba."

Al'ada ta hana shi duban idon suruki, ran nan kuwa al'ada ta yi masa rana. A ransa ya ce zai komo wata safiya, sa'ad da ba kowa, ya buɗe wurin. Kashegari aka tura shi wata hanya, daga can kuma wata, har ruwa ya sauka bai komo ba.

Damina ta kankama. Hanyoyin wasu garuruwa suka fara zaizayewa, amma wannan tana nan lafiya lau. Sai dai akwai abin da masu gonaki a fadama suka lura da shi. In aka yi ruwa, yakan taru a gabashin hanya ya zama tafki. Kafin gari ya waye tafkin ya ɓace, ba kuwa wanda ya ga ta inda ya bi. A yammacin hanya kuma, can gindin tudun, wani ruwa yana tsattsafowa a hankali. Ruwan sama yakan shiga garau, wannan kuwa ja wur yake fitowa.

Rifkatu ta haifi ɗa namiji. Mutumin ya hau babur zai tafi suna. Da ya kai kan fadama, sai ya ji ƙarar tayarsa ta sāke, kamar yana tafiya a bisa ƙwarya da aka kife. Ya tsaya, ya kashe babur. Rana tsaka ce, ba hadari, ba iska. Kwaɗi suna kuka can nesa, hagu da dama, amma a kusa da wurin nan shiru. A cikin shirun ya ji ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙafafunsa, a hankali, kamar wani yana juye tulu cikin randa a ɗakin maƙwabta. Ya dubi hanyar. Busasshiya ce, ko tsaga babu. Ya tura babur ɗin ta can gefe da ƙafa har ya wuce.

A ƙetaren ya tarar da wani makiyayi yana fama da shanunsa. Sun zo daidai wurin sun cije, sun cure wuri ɗaya suna huci. A ƙarshe suka gangara cikin fadama, suka ratsa taɓo har ƙirji, suka bar hanya mai kyau a gefe.

Makiyayin ya ce, "Malam, shanun nan ba sa son wurin nan. Ni ban ga kome ba."

Mutumin ya ce, "Ai dabba ce, ba ta da hankali."

A cikin gari kuwa magana ta riga ta bazu, wai fadama ta yi iskoki. Wata ta ce ta ji ana numfashi a ƙarƙashin ƙasa. Wani ya ce jakinsa ya durƙusa a wurin ya ƙi tashi. Har dattawan ikilisiya suka je suka yi addu'a a kan hanyar. Da mutumin ya ji haka, sai ya ji sanyi a ransa. Abin takaici ne, amma gaskiya ce, ya gwammace a zargi aljani da a tambaye shi. Ya yi niyyar ya ja surukinsa gefe ya faɗa masa, amma aka ba shi kujera a gaba, aka miƙe a taron suna aka gode wa Allah saboda surukin da ya gyara wa gari hanya. Ya haɗiye maganar tare da shinkafa.

Rifkatu ta gama wanka, aka sa ranar komo da ita. Aka ɗauko a-kori-kura, aka loda mata gara, buhunan hatsi da tulunan man gyaɗa, ga mata 'yan rakiya cike da bayan mota. Tun saukar ruwa, abin da ya bi hanyar nan bai wuce babur da keke da mai ƙafa ba. Wannan ce mota mai nauyi ta fari.

Bisa ga al'ada, mijin a gidansa zai zauna ya jira. Ya zauna, zaman ya gagara. Da hantsi ya iso fadama, ya tsaya ta gefen nan. Ga mota tana tahowa daga gari, mata suna waƙar yabon Ubangiji, tsohon surukinsa ma ya rako su zuwa bakin fadama. Mutumin ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu. Direba ya taka birki can nesa. Rifkatu ta ga mijinta a tsaye haka, ta zaci ba lafiya ba. Ta sauko, ta goya yaron, ta nufo shi da sauri.

Ya ce, "Rifkatu, tsaya nan. Kada ki ƙara taku ɗaya."

Ta tsaya. Waƙa ta mutu a bakin mata. Sa'an nan ya faɗa da ƙarfi, a gaban surukinsa da kowa da kowa, "Ban yashe kwalbatin nan ba. Binne bakinsa na yi. Ƙarƙashin hanyar nan babu kome."

Direban motar ya yi dariya, ya ce, "Haba maigida, hanyar da ta fi kowace kyau?" Ya matso, ya ɗauki dutse kamar kan mutum, ya wurga tsakanin miji da mata.

Dutsen bai yi tsalle ba. Ya huda hanyar ya shige, ba kuwa wanda ya ji faɗuwarsa. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin, mai warin taɓo. Sai hanyar ta fara lotsawa daga bakin ramin, a hankali, ba rugugi, ba ƙara, sai wani dogon huci. Ta yi ta nutsewa tana matsowa, har ta zo dab da yatsun Rifkatu ta tsaya. A ƙasa, jan ruwa yana wucewa abinsa.

Can Rifkatu ta ce, "Maigida, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Kuma ta nan ka ce a kawo mu."

Tsohon ya matso da sandarsa, ya leƙa ramin, ya ɗago ya dube shi. Ya ce, "Ɗana, da ka tuɓe rigar ran nan, da ni zan riƙe maka ita."

Rifkatu ta juya. Abin da ya gani na ɗansa a ranar, ƙeyarsa ce cikin 'yar hula. Ba ta shiga motar ba, da ƙafa ta koma gidan ubanta.

Ruwa ya sami ƙofa, ya yi ta faɗaɗa ta, gari ya yanke har kaka. Mutumin yakan zo ya tsaya a bakin ramin ya dubi ƙetare, ya koma. Da rani aka sāke gina wurin, shi ne kuwa a cikin rami da shebur, ba riga, gari duka yana kallo, ba yini ɗaya ba, ba biyu ba. Ranar da aka komo masa da iyalinsa, ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya fashe da kuka, gama bai san shi ba. Rifkatu ta zauna da mijinta, ba ta taɓa yi masa gori ba. Amma daga ran nan, in ya ce mata an gyara abu, sai ta tashi ta je ta duba da kanta.

Ma'anar wannan misali ita ce, hanyar nan rayuwarka ce. Fuskarta ita ce abin da muke gani ran Lahadi, wankakkiyar riga, da gaisuwa mai daɗi, da murya a cikin waƙa. Wasunmu gwanaye ne a wannan, ni ma ina ganinku daga nan gaba, sumul kuke. Kwalbati kuwa ita ce ƙofar da Allah ya bar wa laifi ya fita, wato tuba, da buɗe baki a ce, "Na yi." Ƙofa ce ta ƙasa, ba a shiga ta a tsaye, kuma akwai wari. Surukai su ne duk mutanen da muke jin kunyar idonsu fiye da yadda muke tsoron Allah.

Zunubin da aka rufe ba ya zama wuri ɗaya. Yana aiki, yana kwashe ƙasa kaɗan kaɗan, sama kuwa tana nan da kyaunta. Sa'an nan gida ya fara wani irin shiru, yara su daina zama in ka shigo, addu'a ta ƙi fita. Sai mu ce maƙiya ne, mu ce asiri ne, mu tara mutane a yi azumi. Ina gaya muku da baƙin ciki, sau da yawa mai gidan yana durƙushe a cikin masu addu'ar, ya kuwa san abin da ya binne da hannunsa.

Ku lura kuma, ba shi ne zai faɗa ramin ba. Shi ya san wurin, yakan bi ta gefe. Waɗanda suka amince da maganarsa su ne suka nufo tsakiya, da goyo a baya. Cewa hanyar ta tsaya dab da ƙafar Rifkatu, wannan jinƙan Allah ne, ba dabarar mijinta ba, kada kuwa wani ya ce shi ma haka za a yi masa. Ko da jinƙan, ai kun ji abin da ya rasa.

Ubangijinmu Yesu bai ji kunyar saukowa inda ƙazantarmu take ba. A gaban jama'a aka tuɓe shi saboda mu, don haka ba abin da za ka fito da shi daga raminka da zai sa ya juya maka baya. Kai da kake jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinka tun da na fara magana, ka san ko mene ne, ka kuma san wanda ya kamata ka faɗa wa. In an tashi daga sujada, kada ka tsaya gaisuwa a bakin ƙofa. Ka nemi mutumin nan tun bai kai gida ba.